Yashin da Na Gani a Filin Yaya a Gabukka

Talata: Bichi zuwa Gombe

Ƙarfe biyar da minti goma, ana idar da sallar asuba, na rataya jakar kayan aikina na nufi bakin titi. Igiya ce a ciki, da tef na awo, da cokalin gini, da ma'aunin daidaiton bango wanda na fi ji da shi fiye da wasu dangina. Ni magini ne a Bichi, sunana Sa'idu, kuma na rubuta wannan ne saboda abokan sana'a da suka ishe ni da tambayar abin da na gino a Gombe.

Yayata Hajara ce ta kira ni. Aure ya kai ta can tun ina saurayi, mijin ya rasu, ta ci gaba da sayar da atamfa a Kasuwar Gombe tana zaman haya a Jekadafari. Bana ta samu fili a Gabukka, ta ce babu mai haƙa mata harsashi sai ƙanenta, kuma so take a fara kafin damina ta kankama. Murna ta hana ni cin abincin kirki kwana biyu.

Ƙarfe shida ina Kano, mota ba ta cika ba sai bakwai da minti ashirin. Muka ratsa Wudil, tara da minti arba'in muna Birnin Kudu. Gaba kaɗan aka tsayar da mu a shingen bincike, jami'i ya buɗe jakata ya zaro ma'aunin yana jujjuya shi.

"Baba, wannan fa?"

"Shi ke gaya mini gaskiyar bango, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya ya ce in zo in auna masa na gidansu, ya ɗaga mana hannu. A Darazo muka yi azahar, na ci shinkafa da wake da mai da yaji. A Dukku na sha fura da nono mai sanyi wadda har yanzu nake tunawa. Wajen ƙarfe uku da kwata, bayan tafiyar kusan kilomita ɗari huɗu, hanya ta fara gangara, sai ga rufin kwano birjik a ƙasanmu yana ƙyalli.

"Malam, ka ga Gombe," in ji direba. "A cikin kwano take. Duk ruwan da ya sauka a nan sama, sai ya gangara ya gaida mutanen ƙasa."

Na ji maganar, na bar ta a kujerar mota. Hankalina yana kan tuwon da Yaya ta ce ta ɗora.

Laraba: Gabukka

Ƙarfe bakwai na safe muka hau a-daidaita-sahu, wanda su a can keke kawai suke ce masa. Minti ashirin ya kai mu. Filin yana da ɗan gangare, sama jar ƙasa ce mai tauri, ƙasa kuwa sai na ga abin da ya sa na cire hula: yashi fari tas, wankakke, kwance a gefen fili kamar tifa ta juye shi. Ku da kuke sana'ar nan kun san yadda muke wahalar neman irinsa. Na damƙa na murza, babu laka ko kaɗan.

"Yaya, ai ke an yi miki kyauta! Da wannan za mu buga bulon gidan nan gaba ɗaya."

Bakinta har kunne. Nan take na kafa turaka na ja igiya: ɗakuna biyar, ɗakinta da na sallarta a ɓangaren yashin don ya fi shan iska. Ta shiga tsakiyar igiyoyin ta tsaya, ta nuna inda gado zai zauna da inda za ta ajiye akwatuna. Na daɗe ban ga Yaya tana dariya irin ta ranar ba.

Muna cikin haka wata farar mota ta tsaya, wata mata ta fito da doguwar takarda a naɗe. Madam Rahila ce, mutuniyar Kaltungo, injiniya a ofishin tsara gari, maƙwabciyar Yaya kuma mai sayen atamfarta. Yaya ce ta gayyace ta ta zo ta taya ta murna. Ta gaishe mu, ta dubi igiyata, ta dubi yashin, fara'arta ta ragu.

"Malam Sa'idu, wa kake jin ya kawo yashin nan?"

"Allah ya kawo shi, Madam."

"Haka ne. Amma ruwa ya aiko da shi. A Gombe in ka ga yashi wankakke a fili, to hanyar ruwa kake kallo." Ta juya wajen Yaya, wadda take kira Adda. "Adda, da kin nuna mini takardar filin kafin ki saya."

Raina ya ɓaci. Shekara talatin ina gini bango bai taɓa faɗo mini ba, yau mai takarda za ta koya mini ƙasa? Na ce zan zuba rodi da kankare, ruwa ya zo ya gwada. Ba ta yi musu da ni ba. Ta shimfiɗa takardarta a kan bonet ɗin motar, ashe taswirar unguwar ce. Ta nuna wani shuɗin layi da ya ratsa daidai ɗakin Yaya, ta ce babbar magudanar ruwa ce za a gina. Wani jan layi ya bi ta saman filin, shi kuma titi ne da bututun ruwan sha a gefensa. In Yaya ta ja gidan sama, ɗakuna uku za ta samu, kuma sai an yi zanen gini an kai ofishinsu an amince, abin da zai kai bayan damina.

"Yaushe za a yi titin?" Yaya ta tambaya.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Adda. Yana iya ɗaukar shekaru."

"To ni shekaru nawa suka rage mini? Sa'idu, jibi ka fara haƙa."

Na ce an gama. Madam ta naɗe takardarta, ta ce ta roƙe ni abu ɗaya, in ba ta safiyar gobe.

Alhamis: daga tudu zuwa kwari

Ƙarfe shida da rabi ta zo. Na shiga motar ina cika ina batsewa, na shirya musu iri-iri. A bayan kujera na ga takalmin roba dogo da gwangwanin jan fenti da buroshi. Ta ce in aka fara ruwa ba ta zama a ofis, fita take ta bi ruwan da ƙafa, duk inda ya kai a jikin bango ko kwalbati ta shafa fenti. Da waɗannan alamun take gyara taswira.

Muka hau can saman gari ta yamma, inda sababbin gidaje ke tsirowa ko'ina. Ta ce da nan gonaki ne, ƙasa tana shanye ruwa. Yanzu kowane rufi da kowane tsakar gida mai siminti turo nasa ruwan yake yi ƙasa, don haka magudanar da ta isa bara ba za ta isa baɗi ba. Daga nan muka fara gangarowa muna bin jan fentinta. A farko alamar tana idon sawuna. Bayan tafiyar minti goma ta kai gwiwa. A wani kwalbati sai da na ɗaga hannu kafin na taɓa ta.

Ƙarfe tara muka tsaya a bakin wani kwari. Zurfinsa ya fi tsayin gidan bene, kuma a gefensa rabin wani gida yana tsaye, rabin ya tafi. Na matsa na duba aikin, don idon magini ba ya iya wucewa. Bulo mai kyau ne, rodi ya ji, kankaren ya fi wanda na yi wa Madam alfahari da shi jiya. Ginin bai karye ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta tafi. Na juya na koma mota.

Abin da ya biyo baya shi ya dawo mini da kuzari. Ta kai ni inda ake gina wata babbar magudana, faɗinta mota za ta iya bi. Na sauka ciki na taka daɓen, na ɗora ma'aunina a bango, wallahi aiki ya yi kyau. An yi mata matakala don rage gudun ruwa, an dasa itatuwa a gefe don riƙe ƙasa. Na tambayi dalilin wannan uban faɗi alhali unguwar ba ta cika ba.

"Ba don mutanen yau muka auna ta ba," ta ce. "Yawancin waɗanda muke yi wa aiki ba a haife su ba tukuna."

Muka zauna a rumfar mai shayi ta sake buɗe taswira, ni kuwa na manta da shayina har ya huce. Ta nuna mini yadda ake turo ruwan sha daga dam ɗin Dadin Kowa yana hawa tudu da ƙarfin inji, ruwan sama kuma yana gangarowa, kowanne da hanyarsa. Ta nuna inda aka ware don tara ƙazantar masai nesa da rijiyoyi, domin sokawen na sama yana iya lalata ruwan na ƙasa. Ga titin da zai zagaya gari don manyan motoci su daina kutsawa ta kasuwa, ga inda za a bar wa keke wurin tsayawa. Tsarinsu shi ne a fara ba ruwa hanyarsa, a shimfiɗa bututu kafin a zuba kwalta, gidaje su zo daga baya. Mu kuwa gida muke fara yi, sannan mu tsaya muna tambayar ina kwata za ta bi. Tambayoyi na dinga jero mata har ta ce ko ofis zan koma da aiki. Ban taɓa sanin ana iya kallon gari kafin a gina shi ba, kuma abin ya burge ni ƙwarai.

Da yamma na sami Yaya tana tankaɗe a tsakar gida.

"Yaya, ba zan haƙa wurin nan ba."

Ta ajiye rariya. "Daga Bichi na kira ka don wata ta juya maka kai?"

"Na ga gidan da ya fi wanda zan gina miki, rabinsa yana cikin kwari."

"In ba za ka yi ba, magina sun cika Gombe."

Ta shige ɗaki. Maganar ta yi mini zafi, don na san za ta iya, kuma na san za a sami wanda zai haƙa.

Juma'a: ruwa

Bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗo daga gabas. Ƙarfe uku da rabi Madam ta yi hon a ƙofar gida, takalmin roba a ƙafa.

"Adda, zo mu je. Ba zan ce komai ba, ke dai ki zo."

Yaya ta ɗauki lema. Muna isa Gabukka aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a ƙarƙashin wani kango a saman filin. Minti goma sha biyar babu abin da ya faru, har Yaya ta fara hararata. Sai muka ji ƙugi daga sama, ga jan ruwa ya taho da robobi da reshen bishiya. Ya bi ta kan yashin, ya shiga tsakanin igiyoyina daidai inda ta ce gado zai zauna, ya tumɓuke turaka biyu ya tafi da su. Ɓangaren jar ƙasar da muke tsaye ko ɗigo bai kwanta ba. Madam ta shiga ruwan har gwiwa da gwangwaninta, ta shafa fenti a jikin katangar maƙwabci.

Da muka isa gida ta zuba mini tuwo ta koma ɗaki.

Asabar: komawa

Ƙarfe shida ta raka ni ƙofar gida, ta miƙo mini ƙullin atamfa in kai wa iyali. "Ka gaida gida," shi ke nan abin da ta ce. Mota ta tashi bakwai saura kwata. Duk garin da muka ratsa idona yana kan lambatu da kwalbati, ina lissafin inda ruwansu yake zuwa, har na kusa da ni ya tambaya ko wani abu na yar. Amma zuciyata tana Jekadafari, ina tunanin ko yanzu wani magini yana ja mata sabuwar igiya.

Ƙarfe huɗu da rabi na sauka a Bichi, ban ɗora bulo ko ɗaya a Gombe ba. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ina godiya ga Madam Rahila da ta jure baƙar maganata ta ba ni yininta. Ina cire takalmi a zaure waya ta yi ƙara, na ga sunan Yaya, na ɗauka.

"Ka isa?"

"Yanzun nan, Yaya."

"Rahila tana nan, takardar tana gabana, ta nuna mini komai da yatsa. Ɗaki uku sun ishe ni, bayan damina ka dawo." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ka fitar mini da shago ɗaya ta sama, ƙofarsa ta kalli inda jan layin nan ya bi."

"Yaya, wurin fa yanzu ciyawa ce kawai."

"Na sani. In ban ga titin ba, jikokina za su buɗe ƙofar."