Jan Zaren da Na Ɗaura wa Kwaɗon Gurbin Bore

Jama'a, wallahi ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina malamin gona a Ƙauran Namoda, sai aka ɗora mana aikin bin kwaɗi, wai a gane ko maganin feshi na ƙarar da su. Mu bi ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, manoma su faɗa mana irin wanda suka gani da inda suka gan shi, in mun kama mu ɗaura masa jan zare a ƙafa don kada mu ƙirga shi sau biyu. Har matata dariya take mini, wai miji guda ya ƙare a kiwon kwaɗi.

A Gurbin Bore wani dattijo ya kai ni wani tafki da rana tsaka, ya nuna mini wani ƙaton burduddugi fari sol, ya ce, "Wanga kallo nai akai, malam, ba a taɓa shi." Ni kuwa da taurin kai, yana juya baya na cafke shi na ɗaura masa jan zaren a ƙafa. Ko motsi bai yi ba, kallona kawai yake.

Washegari ɗiyata Hadiza, 'yar shekara huɗu, ta tashi ƙafar hagu a kumbure, ga wani jan zobe ya zagaye idon sawun kamar an ɗaure da igiya. Asibiti suka yi allura, suka ba da magani, kumburi sai hawa yake, har aka fara zancen Gusau da yanke ƙafa. Na tsorata ƙwarai.

Sai na tuna da jan zaren nan, na hau babur na koma Gurbin Bore. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ka ɗamre shi ko? To tai ka kwance, ka yi sallama." Ga tafki cike da kwaɗi, amma farin nan yana nan inda na bar shi, ya miƙo ƙafar. Na yi sallama, na yi bisimilla na tsinke zaren.

Ina isa gida na tarar da Hadiza tana guje-guje a tsakar gida. Alhamdulillahi! Na durƙusa na rungume ta ina hawaye, sai ta ce, "Baba, wata tsohuwa mai jiƙaƙƙen zane ta zo, ta ce ta yafe."

Matata ta rantse ba wanda ya shigo, amma zauren duk ruwa ne. Don Allah, in mutanen gari suka ce kada ku taɓa abu, ku bar shi.