Jan Zare a Kusurwar Hagu

Ƙanwar babanmu ce, amma tun muna yara Gwaggo Labule muke ce mata, har ta saba tana amsawa. Sama da shekara ashirin ta yi tana ɗinkin labule a wani shago da ke ƙarƙashin bene, inda ake kunna fitila da rana tsaka. Taga ɗaya gare shi, daidai ƙafafun masu wucewa. Takan ce takalman garin nan kaf ta san su, fuskokin ne ba ta sani ba.

Aikinta a kan tebur yake ƙarewa. In ta gama, sai a ninke a zuba a mota, a je a rataya a gidajen da ba ta taɓa takawa ba. Sai dai tana da wata ɗabi'a: a kusurwar hagu ta ƙasa, ta bayan labulen, takan ƙulle ɗinkinta da jan zare. Masu gida ba sa gani. Sai wanda ke waje, in ya kula.

Bara yatsunta suka daina ji. Allura ta shige ta ba ta sani ba, sai da jini ya ɓata farin yadi. Mai shagon ya sallame ta da godiya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ɗakinmu tana kallon bango. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta tambaya. Ɗanta ya bugo waya ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta, ta koma wurinsa can nesa.

"Kafin nan," ta ce da ni, "ina so in ga ko guda ɗaya a rataye."

Babanmu ya ce in zaga da ita ta ga gari. Na kai ta dandalin da baƙi ke ɗaukar hoto. Ta juya wa dogon ginin tarihi da ke wurin baya, tana duban tagogin da ke tsallaken titi.

"Gwaggo, ga abin da ake zuwa gani nan."

"Na gani. Dutse ne."

Daga nan muka bar manyan tituna. Mukan hau bas har inda ta ƙare, mu sauka mu taka: layin masu walda, bayan asibiti inda ake shanya zannuwan gado, unguwar masu dogayen katangu. Wani mai gadi ya ce, "Mama, me ake leƙe?" Ta ce labule. Ya ce ba na sayarwa ba ne, mu ƙara gaba. Wasu tagogin sun yi sama da yawa, wasu baƙin gilashi ne. Kullum in mun dawo sai ta cire takalmi ta ce, "Babu," kamar mai ba da labarin duban jinjirin wata.

Ana jibi ɗanta zai zo, muka bi wani lungu a bayan babban otal, inda ake fitar da shara. Akwai ɗan shagon aski, a ƙofarsa wani labule mai ruwan zuma, ya koɗe, amma da gani ya fi ƙarfin shagon. A jikin wayar ƙarfe aka zura zobbansa, bayansa na kallon titi. Gwaggo ta tsaya. Ga jan zaren nan a ƙasa.

"Mama, aski za a yi?" in ji mai askin. "Na farko kyauta ne."

"A ina ka samo wannan?"

"Otal suka zubar na tsinta. In naki ne, sai dai mu haɗu a kotu."

"Ya karkace."

"Ni ma a karkace nake, Mama, shi ya sa muke shiri."

Ta sunkuya ta kama kusurwar, ta daɗe tana murza ƙullin tsakanin yatsunta. Na ce, "Kina jin sa?"

"A'a."

Sai ta sa ni na hau benci na gyara zobban. "Hagu. Ƙara kaɗan. Ya isa." Ta tsallake kwata ta koma ɗaya gefen lungun, ta tsaya tana kallo. Mai askin ya kashe injinsa, wanda ake yi wa aski ya zauna da rabin kai a aske.

"Ya sauka daidai," ta ce. "Ashe haka suke."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta gyara ratayar jakarta.

"Wace bas ce ke zuwa gida? Ban haɗa kaya ba."