Gyaɗar da Inna Ba Ta Sayarwa

A shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula na yaye 'yata ta fari. Kamar yadda ake yi, na kai ta gidanmu a Ƙofar Guga, wajen Inna, mahaifiyata, don ta manta da nono. Gari ya ɗauki murnar sabon mulki, ni kuwa abin da ya dame ni daban ne. Yarinyar da na kai ɓul-ɓul ta soma ramewa, kullum na je sai in ga awarwaron hannunta ya ƙara yi mata yawa.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, kuma kayanta ba sa kwantai, don ba ta ha'inci. Duk buhun da aka kawo mata daga ƙauyukan Ɓatagarawa sai ta baje shi a tabarma ta tsince. Mai kyau ta masu saye ce. Wadda ta yamushe ko funfuna ta yi mata kore-kore sai ta tara a ƙwarya, ita ce ta gida. Da ita ake miya, da ita ake kunu, domin Inna ko ƙwayar gero ta gani a ƙasa sai ta duƙa ta ɗauka. Kunun nan shi 'yata ke sha safe da yamma.

Ana haka autarmu ta zo hutu daga jami'a a Zariya. Ni ce kan gaba wajen tsokanarta, don ashe duk wahalar da take sha funfuna take bincike a kai. Na ce mata da ta tambaye ni, da na ba ta tuwon jiya kyauta ta huta da kuɗin mota. Amma ranar da ta leƙa ƙwaryar Inna, ta ga ana dama wa yarinya kunu daga ciki, ba ta yi dariya ba.

"Inna, wannan hunhunar tana iya sa dahi a gyaɗa. Yana taɓa hanta, yana hana yara girma."

"Dahin mi? Ai sai na soya ta. Ku ma da ita kuka girma."

Auta ta zauna a bakin tabarma ta yi bayani a hankali. Ta ce suya ba ta kashe dafin. Ta ce a ɗakin bincikensu suna rainon funfuna iri biyu, launinsu ɗaya, ko ita ba ta iya bambanta su da ido. Ɗaya ta gaji yin dafi, abin yana cikin ƙwayoyin halittarta. Ɗayar kuwa wani yanki na gadon nan ya ɓace mata, ko ta so ba za ta iya ba.

Inna ta ce, "Kamar sanƙon gidan kakanku ke nan, wani ya ɗauko, wani bai ɗauko ba."

"Haka ne, Inna. Shi ya sa wani buhun lahiya lau, wani ko a'a. Muna fatan wata rana a watsa marar dahin a gonaki, ta riga mai dahin kama wuri. Kahin nan dai, a daina ba yarinya wannan."

Inna ta ce to a ba awaki. Auta ta ce zai iya fitowa a nononsu. Nan fa Inna ta haɗe rai, ta ce ba a gidanta za a zubar da abincin da Allah ya hore ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Na koma gidana raina a jagule. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin su biyun. Ɗauke yarinya daga hannun kakarta kafin ita ta maido ta daidai yake da ce mata ba ta iya riƙo ba, a gaban duk unguwa. Duk da haka na yanke shawara zan ɗauko 'yata, Inna ta yi fushin da za ta yi.

Da safe na shiga da sallama na tarar da Inna a gaban murhu, ƙwaryar nan a gefenta. Tana ɗibar gyaɗar da hannu tana watsawa cikin wuta, wutar na ci bal-bal saboda mai. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Ban zubar ba," in ji ta. "Icce ya yi tsada."

A tabarma kuwa 'yata ce zaune, Auta na ba ta kunu fari tas. Na kalli buhun masu saye, na ga an buɗe bakinsa an ɗiba. Ban san ko gyaɗar kaɗai ta ramar da yarinyar ba, don mun kai ta asibiti an ba ta maganin tsutsar ciki ma. Abin da na sani, kafin kaka ta yi, kumatunta sun dawo.

Amma a safiyar nan sai na fasa maganar ɗauko 'yata. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ai wannan ta sayarwa ce."

Ta gyara itacen murhu, ta ce, "Tun kahin a haihe ki nike ba mutanen gari mai kyau. Ɗiyar nan hwa ba ta kai su ba?"