Ciwon ya tafi, ke ma kin tafi, Yaya Safara'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, aka kira ni daga Maikunkele, aka ce kin yanke jiki kin faɗi kina shanyar kaya. Kafin a kai ki asibiti rai ya yi halinsa.

Ni ƙanwarki ce kika fara nuna wa baƙin ƙullutun nan da ya fito miki a cibiya. Duk wata sai ya kumbura ya yi jini, ki duƙe kina cije leɓe. Mai kemis ya ce maruru ne. Gwaggo ta ce jifa ne, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe. Ke kuwa sallarki ta fi damunki: wannan jinin na al'ada ne ko na rauni?

Da muka je asibiti a Minna, Dakta Rachael Gaiya ta tambaye ki, "Tare da al'adarki yake zuwa?" Kika ce ƙwarai. Aka yi hoton ciki, aka gutsuri naman aka kai gwaji. Ta ce irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a fatar cibiya, shi ya sa yake jini duk wata. Ba ciwon daji ba ne.

Kika dube ni kika ce, "Rukayya, ta ina ya biyo har ya zo nan?" Likitar ma ta ce ba a gama sanin dalili ba.

Aka yi aiki aka cire shi, kika warke sarai, har kika yi ƙiba. Daga nan ba ki ƙara ɓoye zancen ba. Da kanki kika raka maƙwabciyarki Alisabatu wurin likitar, da kika ji ciwon mara na kayar da ita duk wata.

Yanzu masu gaisuwa sai tambayata suke, "Ciwon cibiyar nan ne ya dawo?" Na koma wurin Dakta Rachael, ta ce ba shi ba ne. To mene ne, Yaya? Wanda muka yi shekaru muna tsoro ya bar ki da rai, wannan kuwa ko sunansa ba mu sani ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa wahalar da kika sha ta zame miki kaffara, ya haskaka kabarinki. Allah ya ba mijinki Malam Ndaceko da yaranki haƙuri. Ni kuma ya ba ni ikon daina tambaya. Amin.