Mai Darma da Faɗan Matar Direba

"Idan na'urar nan taka ta tashi," in ji Mai Darma, "ranar da zan bar rumfar nan kai za ka kwashe mini tebur da tarkacena zuwa gida a motarka. Idan ta ƙi, ka shiga wurin maƙwabcina ka sayi sabuwa, ka bar ni in huta."

Direba ya ce ya yarda. Suka tafa.

Mai Darma mai gyaran rediyo ne, kuma a kan teburin nan gashinsa ya yi furfura. Kullum da safe sai ya hure ƙura, ya jona ƙarfen darma, ya kunna 'yar na'urarsa ta jin waƙa da ke rataye a ƙusa, sannan ya ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, don ido ya fara yi masa gardama. Yana da ɗabi'ar da ta hana shi arziki: ba ya taɓa kaya sai ya tambayi mai shi, "Me ke ciki da ba ka son rasawa?" In ka ce ba komai, sai ya ce, "To jefar, ɗan'uwa, sabuwa ta fi maka sauƙi." Mutane nawa ya kora haka zuwa shagon maƙwabcinsa mai sayar da sababbi, Allah kaɗai ya sani.

Na'urar Direba kuwa, irin ta Mai Darma ce, amma ta ga duniya. Batir ya kumbura, madannai sun lotsa, an ɗaure ta da roba kamar mai karaya. Maƙwabcin ya leƙo ya ce, "Baba, wannan ai ba gyara take so ba, makara take so."

"Me ke ciki?" in ji Mai Darma.

Direba ya sosa ƙeya. "Faɗa."

Ashe wata rana marigayiyar matarsa tana zazzaga masa masifa, na'urar na aljihu, ya danna wurin ɗaukar murya bai sani ba. Tun da ta rasu, in gyangyaɗi ya kama shi a hanya, ba waƙa yake sakawa ba, ita yake sakawa. "Malam, muryar nan ba a yin barci a gabanta," in ji shi. Kuma ba a iya kwashe muryar sai na'urar ta kawo wuta.

Aka nemi irin batirin a kasuwa duka, an daina yin sa. Ɗaya tak ya rage a unguwar, a cikin na'urar da ke rataye a ƙusa. Mai Darma ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauko da ita ya ɗauki sukundireba.

Tela na gefe shaida ne. Ya ce suna zaune sai wata murya ta cika rumfar: "Dubi rigarka! Sai ka ce da ita aka goge injin. Ka sha maganin naka, ko sai na ɗura maka?" Mai Darma, gwauro mai shekaru, ya dubi tasa rigar. Kwanakin da ya yi yana gwajin caji, kullum sai an yi masa wannan faɗa. Kafin Direba ya dawo daga tafiya, an ga Mai Darma da wankakkiyar riga, har asibitin ido ya je.

Da Direba ya ji muryar, ya juya baya yana share ido, ya ce hayaƙin darma ne.

Kai ne, Mai Darma, likitan da ba ya ɓoye wa majiyyaci gaskiya. Kai ne ka koya mana cewa kafin a ce gyara ko sabuwa, a fara tambaya me za a rasa. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu gyara na baya, ku riƙa yin tambayar nan ko da ciniki zai wuce ku.

Ranar da Mai Darma ya bar rumfar, an kwashe teburin a motar Direba, marigayiya na faɗa tun daga kasuwa har ƙofar gida. Direba ya ci riba, fasinjojinsa ma haka. Mai Darma ya yi asarar waƙoƙinsa, ya samu tsabta. Babban mai asara kuwa maƙwabcin ne: ya rasa ciniki ɗaya a ranar, yanzu kuma ya rasa mai turo masa sauran.