Gonar da Ke Cikin Gem

Babban ɗana ya zo hutun Sallah daga Kaduna da wata na'urar wasa da ya ce ba ta daɗe da fitowa ba. Faɗinta kamar tafin hannu biyu, gilashi a tsakiya, maɓallai hagu da dama. Gem suke ce mata. Magidanci mai 'ya'ya uku ya zauna a zaurena yana ta danne-danne. Na tambaye shi me yake yi.

"Noma nake yi, Baba."

Ni ne kuwa na raba shi da noma. Yana ɗan shekara goma sha biyar na kira gayya a gonar dawarmu ta Nasarawan Doya. Huɗarsa ta karkace. A gaban jama'a na fizge garmar, na ce ya koma gida ya taya matan gida daka. Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Bai sake taka gona ba, kuma tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na daɗe ina son in roƙe shi gafara, bakina ya ƙi buɗuwa.

Ya miƙo mini abin. A cikin gilashin ga wani ɗan mutum da malafa a gona shimfiɗaɗɗiya, babu ƙaya, babu tsutsa. Tumatir na nuna cikin kwana huɗu, ba wanda ke kukan taki. Na ce lallai wanda ya ƙera wannan bai taɓa ciwon baya ba. Na gyara zama in nuna masa yadda manoma ke yi.

Dannawar farko na sare shukar da ya yi mako yana reno. Na je ba albasa ruwa, na sheƙa wa kaza. Jikokina suka fashe da dariya, surukata ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai faɗa, don na san abin da ni zan faɗa.

"Ba komai, Baba. A sake. Na hagun za ka danna, a hankali."

Ya ɗora yatsansa a kan nawa. Na ɓata, ya ce a sake. Na kuma ɓatawa, ya ce na kusa.

Da yaran suka watse na ce, "Ka tuna ranar gayya?"

"Na tuna."

"Ban kyauta maka ba. Ka yafe mini."

Idonsa a kan gilashin ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban matsa ba. Washegari da safe ya kamata su koma, har an ɗaure kaya. Sai na ji yana gaya wa matarsa a kwance su, wai ba zai tafi ba sai tsoho ya iya ban ruwa. Kwana biyu ya ƙara. Ban yi gaggawar iyawa ba.