Ɗumamen Baba ya je Sakkwato

Mun tashi da asuba daga gida, ni da yayana da wata ƙaramar kula da na rungume a ƙirji. Na ce mun tashi da asuba, amma iyakarmu tashar Sabon Birni. Duk wanda ya san hanyarmu ya san ba direban da ke motsawa sai gari ya waye tangaran, motoci sun haɗu, sannan a yi bismilla a bi juna. Muka samu benci muka zauna, muna shan kunun tsamiya da ƙosai mai zafi, yayana yana ta yi mini tsiya wai ni kaɗai ce za ni birni da guzurin tuwon jiya.

Bari in gaya muku mafarin abin. Kwanakin baya aka yi wa Innarmu aikin yanar ido, aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma likita ya ja mana kunne sosai: ba ita ba hayaƙi, in ba haka ba idon zai iya komawa gidan jiya. Matar yayana, Allah ya yi mata albarka, ta karɓi girkin gida gaba ɗaya, Inna kuma ta sakar mata komai. Komai fa, ban da abu guda: ɗumamen Baba na safe. Tun kafin a haife ni ita ke yi masa, kuma ba ta ga dalilin da zai sa wani hannu ya shiga ciki ba. Sau biyu ana kama ta tsugune gaban murhu tana hura wuta, idon nan yana ta zubar da ruwa. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, sai ta shiga ɗaki ta yi shiru, ta daina ko tsokanar jikokinta. Gas kuwa ko sunansa ba ta son ji. Da labari ya iske ni a garin Isa, inda nake koyarwa, hankalina ya tashi ƙwarai. Na ce tun da yayana ya sa sola a gida, za ni sayo mata na'urar ɗumama abinci, wadda 'yan boko ke kira maikrowef.

Inna ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ɗauko malmalar tuwon dawa biyu da miyar kuka da ta sha daddawa, ta zuba a langa, ta sa cikin kula. Ta ce, “Ku gwada shi can gaban mai shago. In akwatin nan bai iya ɗumame ba, ku bar musu abinsu, murhuna na nan.”

Hanya dai ga ta nan yadda kuka san ta. Ramuka sun yi 'ya'ya, direba yana ta kauce musu kamar mai bin sawun kaza. Amma kaka ta yi albarka, don tun kafin Unguwar Lalle muke ganin dammunan gero jingine, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa. Duk shingen da muka isa sai mota ta yi tsit, in an wuce a saki ajiyar zuciya a ci gaba da hira. Kuɗin mota kuwa, kada ku tambaye ni, abin da da zai kai ka ya dawo da kai yanzu rabin hanya yake ajiye ka. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Gatawa da yanzu ta dawo cikin gari da zama. Tun da muka tashi take shinshina iska, can dai ta kasa haƙuri ta ce ɗiyata, wannan daddawar ta wane gida ce? Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ta ga ana kai mara lafiya Sakkwato, ba ta taɓa ganin an kai tuwo ba.

A Goronyo aka tsaya shan iska. Kai, jama'a, albasa! Tuli-tuli bakin titi, da arahar da ta sa na ji haushin mai kayan miyan unguwarmu. Muka sayi soyayyen kifi da yaji, yayana ya cinye nasa ya dawo yana kallon nawa. Kafin azahar mun shiga Sakkwato, zafi ya yi mana maraba.

Shagon farko babba ne, sanyi kamar cikin randa. Mai shago ya nuna mana wata ƙatuwa baƙa mai maɓallai birjik, kowanne da rubutun Turanci, wai har kaza take gasawa. Yayana bai ko kalli gabanta ba, ya juya bayanta ya karanta ƙarfin wutar da take ja, ya girgiza kai. Ya ce wannan in aka kunna ta, injin solar gidanmu kuka zai yi ya ɗauke. Ni kuma na ce Inna ba ta karanta boko, ga ido bai gama warkewa ba, wa zai tsaya mata kan maɓallan nan kullum? Muka ga wata 'yar daidai, na buɗe kula na ce to a jona mu gwada. Mutumin nan ya dube ni, ya dubi langa, ya ja da baya. Wai sabuwa ce fil, wa zai saye ta tana warin daddawa? Shago na biyu ma haka, har yaran shagon suna ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci, na fito ina ta faɗa ni kaɗai, yayana na biye da ni yana cewa in rage murya, ba aji nake ba. Gaskiya a lokacin na fara tsorata, don na san halin Inna. In muka koma da akwatin da ba a gwada ba, ko kallonsa ba za ta yi ba, gobe da safe kuma tana gaban murhu.

Shago na uku ɗan ƙarami ne a ƙarshen layi, wata dattijuwar Bayarabiya zaune a ƙofa tana fifita da kwali. Tana ɗaga kai ta ga zanen Gobir a kumatun yayana, sai ta tafa hannu. “Lale, lale! Yau bayina sun tuna da uwargijiyarsu!” Yayana ko gezau, ya ce, “Iya, ai maigidanki ne ya zo duba dukiyarshi, tashi ki ba ni kujera.” Kun dai san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, ba fushi, ba jin kunyar roƙo. Aka yi ta zuba shi, ita ta ce mu ba mu san komai ba sai yaƙi da fura, shi ya ce su kuma ba don manja ba da tuni sun ƙare. Da na ga wasa ya yi daɗi sai na shigar da tawa. Na zayyana mata zancen idon Inna da ɗumamen Baba, na buɗe kula. Iya ta daina dariya, ta ce a tayar mata da janareta.

Akwai wata fara ƙarama da take nuna wa masu saye, ita aka jona. Na ɗauki langa za ni turawa ciki, sai ji na yi an cafke mini hannu. “Ke Bagobira, ƙona mini shago za ki yi?” Ashe ba a sa ƙarfe a ciki, tartsatsi yake yi. Nan na tuna kwanukan Inna kaf langa ne da samira, da mun kai haka da ranar farko an yi abin kunya. Iya ta ɗauko nata kwanon tangaran ta ɗauraye, muka juye. Gwajin farko bai yi ba sam: gefe ya bushe, tsakiya sanyi ƙalau. Iya ta ce in kwantar da hankalina, amala ma haka take yi in ba a iya mata ba. Ta sa na yayyanka malmala ta biyu ƙanana cikin miya, na yayyafa ruwa, aka rufe. Da aka yi rabi ta buɗe ta juya, ta mayar. Ƙararrawa na bugawa aka ɗaga murfi, tururi ya tashi, ƙamshin daddawa ya cika layin nan. Wallahi ɗumame sak, laushi har ciki. Na yi guɗa a tsakiyar kasuwa, ban ma san na yi ba. Maƙwabtan shago suka leƙo, kowa ya sa hannu, har da ɗaya daga cikin yaran da suka yi mini dariya ɗazu. Iya ta ci loma biyu ta ce ba laifi, sai dai mu Gobirawa har yau ba mu san amfanin barkono ba.

Irin farar nan muka ɗauka. Wutarta kaɗan ce, yayana ya ce sola za ta ɗauke ta in rana ta ɗaga. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, abin murɗawa ne guda biyu. Na rufe idona na lalubo su na murɗa, don in ji yadda Inna za ta ji, na ga ba wuya. Iya ta ɗiga jan farce jikin abin murɗawar, daidai inda ɗumame ke yi, ta ce ko ba a gani yatsa zai ji tudun. Ciniki kuwa an sha shi, ta rantse mun cuce ta, mun rantse ta yanke mu, a ƙarshe ta rage abin da ta rage, ta ƙara mana da murfi kyauta. Muka biya cikin kasuwa muka sayi kwanukan tangaran biyu masu faɗi.

Ba a kama hanyarmu da yamma, don haka muka kwana gidan ɗiyar gwaggonmu, da safe muka juyo. Direba ya so ya ɗaure kwalin a saman mota tare da buhunan siminti, na ce ko kusa. Na biya wa na'urar kuɗin kujera, ta zauna tsakanina da yayana, duk ramin da aka faɗa ni ce mai cewa wayyo. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambaya ko talabijin ce, yayana ya ce a'a, murhun tsohuwa ne. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Da muka isa gida maƙwabta suka cika tsakar gida. Inna ba ta ko matso kusa da kwalin ba sai da ta ji daga bakin yayana cewa an gwada, kuma mutane sun ci sun sake miƙa hannu. Sannan ta zagaya akwatin, ta shafa shi, ta ce a ajiye mata shi a ɗakinta, ba a madafa ba. Washegari da hantsi na tsaya bakin ƙofa, ta hana ni shiga. Ita ta yanka tuwon, ita ta yayyafa ruwa, ta murɗa. Da ƙararrawa ta buga ta ɗan zabura, ta ce a'uzu billahi, sannan ta ɗauki kwano ta nufi zaure da kanta. Muka laɓe ni da matar yayana. Baba ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya ce, “Ya yi. Sai dai babu ƙanzo.” Inna ta riƙe ƙugu ta ce, “Malam, ƙanzo da idona, wanne kake so?” Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, “Ƙaro mini miya.” Ta juyo tana mita, wai mutum ya tsufa bai bar tsirfa ba, fuskar nan tata kuwa fal fara'a. Rabon da in ji tana yi masa faɗa haka tun kafin aikin ido. Na koma bayan ɗaki na share hawaye, na daɗi ne.

Yanzu na dawo Isa, na koma aji. Tafiyar ta koya mini kada in sayi abu don kyan kwalinsa, in duba wutar gidanmu da hannun da zai taɓa shi, kuma in daina raina wasan da muka gada kaka da kakanni, don shi ya buɗe mana ƙofar da kuɗi suka kasa buɗewa. Babban abin da na gane kuwa shi ne, mu duk mun dage sai Inna ta huta, ita kuma ba hutu take nema ba, aikinta take so a bar mata. Jiya matar yayana ta kira ni, ta ce an koma asibiti, likita ya ce ido ya yi kyau. Ta ce kuma Inna ta kafa doka: da rana kowa na iya ɗumama abin da ya ga dama, amma da safe kada wanda ya taɓa mata akwati sai Malam ya ci.